An-ce Ta Zama Shugabar Sashe

Yayanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana 'yar mitsitsiya, sunan kuma ya bi ta har girma. A gidansu ita ce ta tsakiya, ba babba ba balle a ji nauyinta, ba auta ba balle a shagwaɓa ta, don haka duk wani aike a kanta yake ƙarewa. Za ta tsaya a ƙofar maƙwabta, idonta a kan yatsun ƙafarta, ta ce an ce a ara mana dutsen guga. In aka tambaye ta wa ya ce, sai ta maimaita, an ce. Ko ruwa take so, ba za ta ce tana jin ƙishirwa ba, sai dai ta ce ana jin ƙishirwa. Innarsu kan yi dariya ta ce yarinyar nan ko da hannunta ta kama ɓarawo, cewa za ta yi an kama. Yayan ya ce to ai magana ta ƙare, sunanta An-ce.

Kunya ba ta hana ta karatu ba, ita ce ma ta tura ta, tunda littafi ba ya kallon mutum ido cikin ido. Babansu mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a bakin titi, kuma a can take yin aikin makaranta, a ƙarƙashin agogunan mutane da ke rataye a bango, kowanne da lokacin da yake faɗa. Wataƙila a nan ta ɗauko kaɗa ƙafa. Bakinta a rufe, fuskarta a kwance, amma ƙafar dama ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Malamai sun yi faɗa sun gaji. Da ta yi aure, mijin, wanda ke da shagon sayar da magani, ya ce yana gane abin da ke ranta ne ta ƙarƙashin tebur.

Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, jami'a ta riƙe ta tana koyarwa a sashen ilimi. Tana goyon 'yarta ta biyu ta fara na uku, aka haɗa ta da Farfesa ya duba mata aiki.

Farfesa dogon mutum ne mai jan biro a aljihun gaba. Ofishinsa ne na ƙarshe a baranda, da wani dogon benci a ƙofa wanda ɗalibai suka goge da zama har yana ƙyalli. A babinta na farko ta yi ƙarfin hali sau ɗaya tak, ta rubuta "na gano". Ya zagaye kalmar da jan biro, ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Ɗiyata, mai bincike ba ya cewa ni. An gano. An lura. Aikin ne zai yi magana, ke ki koma bayansa."

Sauran ɗalibai sun sha wuya kafin su saba da wannan doka. Ita kuwa ji ta yi kamar an ɗinka mata riga daidai jikinta. Abin da ake mata dariya a kansa tun tana yarinya, ashe a nan shi ne ƙwarewa.

Bincikenta a kan shugabannin sassa ne a jami'o'i, yadda suke yanke hukunci in abu ya taso. Ta shiga motocin haya ta je garuruwa, ta zauna a ofisoshi masu ƙamshin tsohuwar takarda, tana yi wa manya tambayoyi. Kafin ta fara fita Farfesa ya koya mata dabara ɗaya. Ya ce in ta yi tambaya, ta ja bakinta ta yi shiru, kada ta taimaki mutum da amsa, kada ta cika masa wurin da ya bari. Shiru ƙugiya ne, in ji shi, mutum ba ya iya daɗewa a kansa. Wannan ma ba ta sha wahalar koyonsa ba. Manyan mutane suka riƙa buɗe mata ciki, suna faɗa mata abin da ba su yi niyyar faɗa ba, ita kuwa tana rubutawa, ƙafa na aikinta a ƙarƙashin kujera.

Ranar da ta kare kundinta, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya juya shafuka, ya ce ya ga an gano, an gano, an gano, to shi yana so ya san wa ya gano. Ta sunkuyar da kai. Sai Farfesa ya yi gyaran murya ya ce shi ya hana ta, in akwai laifi a ɗora masa, aka yi dariya aka wuce. Ta fito da digiri, ta kuma fito da wani nauyi da ba ta taɓa tunanin saukewa ba. Ko bayan ta zama Dakta, in ta haɗu da shi a baranda sai ta rusuna.

Shugabancin sashe zagayawa yake yi, kuma ba wanda ke rububinsa. Manya sun yi sun sauka, na tsakiya kowa da uzurinsa, wannan hawan jini, wancan yana shirin tafiya. A taron zaɓe wani ya ce me ake wahala, ga wadda ta karanci abin har ta rubuta kundi a kai. Kafin ta haɗa kalmar da za ta ƙi, an riga an tafa. Da ta gaya wa mijin, ya ce Dakta, kin rubuta littafi a kan iyo, yau ga kogi.

Kujerar ofishin babba ce mai juyawa, ba ta taɓa jingina a cikinta ba. A baki-baki take zama kamar baƙuwa, minti kaɗan ta miƙe ta leƙa taga, ta fita baranda, ta dawo ta gyara labule, ta sake fita. Amma aiki yana tafiya. Ta san irin shugabannin da ke akwai, ta san inda kowanne ya yi tuntuɓe, ta iya sauraro, ta iya haɗa jadawalin darussa ba tare da an yi rigima ba. In malami ya zo da ƙorafi, za a duba. In an hana shi abu, an ga bai dace ba. Ba wanda ya taɓa jin haushinta, domin ba a taɓa kama ta tana cewa komai ba.

Sai maganar wata malamar sakandare ta taso.

Mata ce da ta manyanta, tana koyarwa a wani gari mai nisa, tana zuwa a motar haya da jaka a hammata. Ta gama rubuta kundin digirinta na uku tun bara, ta kai wa Farfesa, kundin bai fito ba. Duk mako tana kan bencin nan. Ya ce ta dawo, ta dawo, ya ce yana kai. Yanzu kuma wa'adinta ya zo ƙarshe. Dokar makaranta ita ce duk wanda bai miƙa kundi ba kafin a rufe wannan zango, a soke sunansa, shekarun da ya yi su bi ruwa. Zangon kuwa ya riga ya karkata.

Ta shigo ofishin shugaba ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗalibanta sun daina tambayarta yaushe za su fara ce mata Dakta, kuma daina tambayar ya fi tambayar ciwo. An-ce ta saurare ta har ƙarshe, ta ce za a duba.

Matar ta gyara jakarta, ta ce, "Ranki ya daɗe, shi wannan za-a ɗin, a wane ofis yake? In na sani sai in je in same shi da kaina."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatse ne, da ya fi sauƙi.

Abin da ya hana An-ce sukuni shi ne ta san dalilin. Ta daɗe da lura. Farfesa ya daina tuƙa mota, ya ce hanya ta lalace. In kun haɗu, sai ka yi magana kafin ya kira sunanka. A aji yana sa ɗalibai su karanta da ƙarfi, wai yana so ya ji ko sun iya karatu. A taro yakan kai takarda har hanci, sannan ya ajiye ta ya yi magana da ka, kuma da yake kansa cike yake, ba mai ganewa, ko kuma kowa ya gane ya yi kamar bai gane ba. Jan biron yana nan a aljihu, amma ta manta rabon da ta ga jansa a kan takardar wani. Idon ne ke tafiya. Mutumin da duk girmansa a kan karatu yake, ba zai buɗe baki ya ce ba ya gani ba.

Shugabar sashe na da ikon ɗauke ɗalibi daga hannun malami ta ba wani. Ta san dokar, ta ma kawo ta a kundinta. Akwai wata malama a sashen mai saurin aiki, wadda ta ce in aka ba ta kundin za ta karanta shi kafin a rufe zango.

Ta fara da aiken sakatariya, ta ce ta je wurin Farfesa ta ce an ce a taimaka a dawo da kundin malamar nan. Sakatariya ta tafi ta dawo tana danne dariya. Ta ce ya karɓe ta hannu bibbiyu, har shayi ya yi mata tayi, sannan ya ce ta koma ta tambayo, an wa?

Ta kira taron sashe a ranar da ta san ba ya shigowa, da nufin in aka tattauna sai ta ce taro ya yanke. Da ta kawo maganar, wannan ya kalli fanka, wancan ya shiga neman abu a waya. Wanda ya fara ba da sunanta ranar zaɓe shi ne ya ce ai wannan hurumin shugaba ne, su ba za su shiga tsakanin uba da 'ya ba. Ta hau bene wurin shugaban tsangaya. Ya saurare ta yana murmushi, ya ce sashenta ne, duk abin da ta yi yana bayanta. Ta sauko tana tunanin cewa kowa yana bayanta, gaban ne babu kowa.

A gida abinci ya daina shiga. Ta ɗauki cokali ta ajiye, ta tashi ta duba tukunyar da ta riga ta sauke, ta kwashe shanya ta sake shanyawa. Mijin ya ce in ta ci gaba da kaɗa ƙafar nan za su biya mai gida kuɗin siminti. Da ta kai wa Inna ziyara ta ɗan gutsura mata labarin, tana fatan a ƙarfafa mata gwiwa. Inna ta ce wanda ya goya ka ba ka ce masa bayansa ya ranƙwafa. Mutumin nan ya rufa mata asiri a gaban baƙo, yanzu ita ce za ta tona nasa? Ta yi haƙuri, Allah zai kawo wa matar mafita. An-ce ta dawo gida da nauyi biyu maimakon ɗaya, domin ta san Inna ba ƙarya ta faɗa ba.

Ranar da ta je ofishinsa da kanta, da hantsi ne. Malamar sakandare na kan benci, jaka a cinya. An-ce ta wuce ƙofar kamar mai zuwa wani wuri, alhali bayan ofishin babu komai sai bango. Ta juyo, ta sake wucewa, ta tsaya tana karanta wata tsohuwar sanarwa da ta san abin da ke cikinta. Matar ta janye ƙafafunta don a sami hanya.

Daga ciki aka ce, "Shigo mana, ɗiyata. Tun ɗazu nake jin takunki, kamar kaza za ta yi ƙwai."

Ta shiga ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ya tambayi yara da maigida. Ofishin yana nan yadda ta san shi, littattafai har rufi, labule a ɗage gaba ɗaya don haske ya shigo. Kundaye uku ne a gefen tebur. Na malamar shi ne mai koren bango, da zoben kofin shayi a kansa, ƙura ta kwanta a gefen da hannu ba ya kaiwa.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, dama an ga kamar ya kamata a rage maka nauyi."

"An wa?"

Ya faɗa da fara'a, kamar yana wasa da jika. Ya ce in tsangaya ce, shi ya koyar da shugabanta, zai hau ya same shi. In makarantar manyan digiri ce, zai rubuta musu, su zauna su yi taro, su kafa kwamiti. In kuma taron sashe ne, a sake kira yana nan. Ta dai faɗa masa ko su wane ne, ita ba ruwanta, ya san aiko ta aka yi.

Ga ƙofa ya buɗe mata, irin wadda ta saba bi tun tana yarinya. In ta ce tsangaya ce, za ta fita da mutuncinta, ya ci gaba da ce mata ɗiyata. Shi kuma ya shiga faɗa da mutanen da ba su da fuska, wasiƙa ta tafi wasiƙa ta dawo, kafin a gama an rufe zango, matar da ke kan benci ta koma garinsu da jakarta. Ƙafarta na bugun ƙasa har tana jin ƙarar. Ta sa tafin hannu ta danne gwiwar.

Ta ce, "Malam, wane babi ka kai?"

Sannan ta ja bakinta.

Ya ce ai ya yi nisa. Ba ta ce komai ba. Ya ce matsalar masu buga takardu na yanzu ce, tawada ba ta kamawa, rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ba ta ce komai ba. Ya ce wutar ofishin ma ya sha faɗa a canza ta. A waje wani ya ja kujera, wata ɗaliba ta yi dariya ta wuce. Duk jikinta na ce mata ta taimake shi, ta ce haka ne Malam, wutar ce. Ta cije. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana murza shi da babban yatsa, bai mayar ba.

Can ya ce, "Ni na koya miki wannan."

"Kai ne, Malam."

"To faɗi abin da ya kawo ki."

Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba, siririya ce. "Na mayar da ita hannun wata malama. Ba tsangaya ba ce, ba taro ba ne. Ni na yanke, Malam. In akwai laifi, nawa ne."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya miƙa hannu gefen tebur yana lalube, ya ɗauko kundi ya turo mata. Mai baƙin bango ne, na wani ɗalibi dabam. Ta karɓa da hannu biyu, ta mayar da shi wurinsa a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ta zare koren. Ba ta san ko ya ji ba. Ta ce idan ya yarda, mai kundin za ta riƙa zuwa tana karanta masa, ya ji da kunnensa ya yi gyara, domin ba wanda ya kai shi sanin fannin. Ya ce a'a, ba a yi wa gona ɗaya manoma biyu. Ya mayar da tabaransa ya gyara zama.

"Shi ke nan, Shugaba. A sauka lafiya."

Bai taɓa kiran ta da wannan sunan ba.

Ta fito ta miƙa wa malamar kundin, ta faɗa mata ofishin da za ta kai shi, ta ce ta yi sauri kafin sabuwar mai duba aikin ta shiga aji. Malamar ta kalli koren bangon, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta buɗe baki za ta yi godiya. An-ce ta riga ta yi gaba, don ba ta so a ga fuskarta.

An miƙa kundin kafin a rufe zango. Malamar ta kare shi, ta koma garinsu, an ce ɗalibanta sun tare ta tun daga tasha. Sauran kundaye biyun Farfesa da kansa ya aiko da su ofishin shugaba, ba tare da wani saƙo ba. Inna da ta ji yadda aka ƙare, ta ce Allah ya kyauta, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Mijin ya ce ya lura ƙafar ta ɗan lafa, sai dai bai rufe baki ba ta ci gaba.

Har yanzu ba ta jingina a kujerar. Har yanzu za-a-duba na kuɓuce mata, sai dai wani lokaci takan tsaya a tsakiya ta gyara, ta ce zan duba, sakatariya ta ɗago ta kalle ta. Farfesa na zuwa aiki kullum, yana koyarwa da ka, ɗalibai na cika ajinsa. In sun haɗu a baranda ta rusuna, shi ma sai ya ɗan ranƙwafa, abin da bai taɓa yi ba, kuma ta kasa gane ko girmamawa ce ko horo.

Takan sami dalilin zuwa ƙarshen baranda, inda babu komai sai bango. In ta kusa ƙofarsa sai ta rage sauri, ta taka yadda zai gane ta. Yana ganewa kuwa, bai taɓa kuskure ba.

"Shugaba," in ji shi daga ciki. "An shigo lafiya? Ya aka baro yara?"

Ta amsa daga bakin ƙofa, ta ɗan jira ko zai ce ta shigo, sannan ta juya.